IDAN HADARI YA TASO MUNA AJI, ME ZA MU YI?

Wannan makon mu 'yan aji biyu ne da alƙalami. Rubutun yana da ɗan tsawo, don haka wanda bai gama da tara ba ya dawo bayan an tashi. Muna roƙo kada a yage ko a yi zane a kai.

Duk wanda yake makarantar nan a daminar bara zai tuna ranar da aka yi iska. An dawo daga tara ke nan sai gabas ta yi baƙi ƙirin. Kafin a ankara ƙura ta turnuƙe, tagogi suna ta bugawa, sai muka ji kwanon ajin da ke kusa da namu yana ƙara kamar ana yaga shi. Wani ya yi ihu, sai kowa ya yi ƙofa. Aka matse wata yarinya a bakin ƙofa har ta gurɗe a hannu. Mu da muka samu fita ba mu zarce ko'ina ba sai gindin babbar darbejiyar nan ta bakin fili, muka cunkushe muna ganin mun tsira. Malamin kimiyya ne ya biyo mu da gudu cikin ruwa ya kora mu aji. Washegari ya ce mana a duk faɗin makarantar nan babu wurin da ya kai gindin bishiyar nan haɗari a wannan lokacin.

Abin kunyar shi ne, a zangon nan aka koya mana girgizar ƙasa da dutse mai aman wuta, muka haddace, muka ci gwaji. Amma iska da tsawa da muke gani duk shekara ba mu san abin da ake yi musu ba. Wannan ne ya sa muka zauna muka tambayi malamai da iyaye, muka duba littattafai, muka haɗa abin da za ku karanta.

ABIN DA MUKA JI DAGA 'YAN UWANMU

Kafin mu fara rubutu mun zaga azuzuwa da tambayoyi uku. Ta farko: waɗanne bala'o'i ka sani? Kusan kowa ya fara da girgizar ƙasa. Ta biyu: idan ruwa ya shigo gidanku da tsakar dare, ina za ku nufa? A nan aka fara kallon juna. Wasu suka ce masallaci, wasu suka ce gidan kaka, da yawa suka ce ba a taɓa maganar a gidansu ba. Ta uku: wace lamba ake kira idan an shiga halin gaggawa? Waɗanda suka sani ba su cika yatsun hannu ba. Ba mu yi wa kowa dariya ba, don mu ma sati biyu da suka wuce haka muke.

WAƊANNE NE NAMU?

Kowace ƙasa da irin nata bala'in. Japan tana fama da girgizar ƙasa, shi ya sa tun daga firamare ake koya wa yaransu shiga ƙarƙashin tebur. Mu a Kazaure, Roni, Gwiwa da Ɓaɓura namu suna bin lokutan shekara ne, kusan kamar jadawalin darasi:

Hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu: hazo, sanyi da gobara.
Bazara, daga Maris zuwa Mayu: zafin da kan wuce digiri 40, ƙarancin ruwa da sanƙarau.
Farkon damina, Mayu da Yuni: iska mai yaye rufi, ƙura da tsawa.
Marka, Agusta zuwa Satumba: ambaliya, rushewar gidaje, amai da gudawa.

Ban da waɗannan akwai masu zuwa a hankali, wato fari da kwararowar hamada. Tunda mun san watan da kowanne yake zuwa, ashe za mu iya shiryawa kafin ya iso.

AMBALIYA

Idan aka ce ambaliya a Jigawa, hankalin kowa yana tafiya Ringim, Auyo, Kafin Hausa da Haɗeja. Gaskiya ne su suka fi shan wahala, domin suna kan hanyar Kogin Haɗeja, wanda ruwansa yake tahowa daga jihar Kano inda madatsun Tiga da Challawa suke. Ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce, kuma ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. A shekarar 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya, ta raba fiye da mutum miliyan 1 da gidajensu, kuma Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi taɓawa. Kafin nan an yi ta 2012, wadda ta ci rai 363. A ranar 10 ga Satumba 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare mutane suna barci.

To mu da ba ma bakin Kogin Haɗeja fa? Namu ruwan daga sama yake zuwa kai tsaye. Kazaure da Roni ƙasar duwatsu ce. Dutse ba ya shan ruwa, don haka duk abin da ya sauka a kansa gangarowa yake yi da gudu zuwa ƙorama, daga nan ya shigo gari. Idan ya tarar kwalbati ta cika da leda da shara, ko an yi gini a kan hanyarsa, sai ya nemi wata hanyar, wani lokaci ta tsakar gidan mutum.

Malamin lissafi ya nuna mana yawan ruwan sama da wani lissafi mai sauƙi. Idan aka ce an yi ruwa milimita 1, ana nufin lita 1 ta sauka a kan kowane murabba'in mita. A ce rufin aji yana da tsawon mita 9 da faɗin mita 7, wato murabba'in mita 63. Idan aka yi ruwa milimita 50 a dare ɗaya, lita 3,150 ce za ta zubo daga rufin nan kaɗai. Jarka 126 ke nan mai cin lita 25. Yanzu ku ƙirga rufin makarantar nan duka, ku ƙara da na unguwa, sannan ku tambayi kanku ina wannan ruwan zai bi idan kwata a toshe take.

Abu na biyu shi ne ginin ƙasa. Da yawanmu a gidan ƙasa muke kwana, kuma a lokacin marka katanga takan kwana uku tana shan ruwa ba ta ga rana ba. Gindinta ya yi laushi, soro ya yi nauyi, sai ta zube, sau da yawa cikin dare. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa suke yaɓe da gyaran indararo tun bazara. Alamomin da za mu lura da su: sabuwar tsaga a bango, gindin katanga ya jiƙe ya kumbura, ƙasa tana zubowa daga rufi, azara tana ƙara, ko ƙofa ta fara ƙin rufuwa. Wanda ya ga ɗaya daga ciki ya gaya wa babba nan take, kuma kada a kwana a ɗakin. Gara a takura a ɗakin maƙwabta dare ɗaya.

Idan ruwa ya riga ya zo:

1. A nufi tudu, ba a tsaya kwashe kaya ba. A fara da yara ƙanana, tsofaffi da marasa lafiya.
2. Kada a ratsa ruwa mai gudu. Ruwan da bai wuce santimita 15 ba, wato ya ɗan haura idon sawu, zai iya kayar da babban mutum idan yana da ƙarfi. Wanda ya kai gwiwa yana iya jan mota.
3. Idan ƙorama ta kawo a hanyar makaranta, a jira ta janye ko a koma gida. Makara ta fi asarar rai sauƙi, kuma malamanmu sun ce ba za a doki wanda ruwa ya tare ba.
4. A nisanci wayar lantarki da ta faɗo da duk ruwan da ta taɓa.
5. Idan wani ya faɗa kududdufi, kada ka bi shi ko da ka iya iyo. Mai nutsewa yakan riƙe wanda ya zo cetonsa su tafi tare. Ka yi ihu, ka miƙa masa doguwar sanda kana kwance a bakin gaɓa, ko ka jefa masa jarka marar komai da murfinta a rufe.

Maganar kududdufi ta fi shafar mu maza. Ramukan da aka haƙi ƙasar gini suna cika da damina, daga sama ba a gane zurfinsu, ƙasansu kuma laka ce mai riƙe ƙafa. Haka dam ɗin Kazaure, ba wurin gasar iyo ba ne.

Bayan ruwa ya janye akwai sauran aiki. Ambaliya takan haɗa ruwan masai da na rijiya, daga nan amai da gudawa yake tasowa. A tafasa ruwan sha, a wanke hannu da sabulu. Idan wani ya kamu, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ya riƙa kurɓa ana kan hanyar asibiti.

TSAWA DA ISKA

Mu koma gindin darbejiya. Aradu wutar lantarki ce mai tsananin ƙarfi da take tasowa a cikin hadari, kuma idan za ta sauka ta fi samun abin da ya fi tsawo a wurin. Bishiyar da ke tsaye ita kaɗai a fili ita ce ta farko. Idan ta sauka a kanta, wutar takan yi tsalle zuwa jikin wanda ke kusa ko ta bi ta ƙasa. Ga kuma reshe da iska za ta iya karyowa.

Akwai dabarar sanin nisan tsawa. Haske ya fi sauti gudu nesa ba kusa ba, shi ya sa muke ganin walƙiya kafin mu ji rugugi. Sauti yana cin kilomita 1 a cikin daƙiƙa 3. Idan ka ga walƙiya, fara ƙirge. In ka kai 9 sannan ka ji ƙara, tana nisan kilomita 3. In ba ka kai 30 ba, kana inda za ta iya samunka, sai ka shiga gini. Kada ka fito sai an yi minti 30 da jin rugugi na ƙarshe. Mun gwada wannan ƙirgen da kanmu a taga, kuma yana rage tsoro.

Wanda hadari ya riska a gona ko wurin kiwo ya ajiye fartanya da duk wani ƙarfe, ya sauko daga tudu ko kan dutse, ya fita daga ruwa, kuma idan suna da yawa su warwatsu. 'Yan ƙwallo, idan aka fara walƙiya wasa ya tashi, ko da ana bugun fanareti ne.

Wasu suna cewa ba a taɓa wanda aradu ta faɗa wa. Malamin kimiyya ya ce jikin mutum ba ya ajiye wutar, don haka babu abin da zai sami wanda ya taimake shi. Jinkirin ne yake kashewa. A ɗauke shi a garzaya asibiti.

Idan iska ta same mu a aji, a rufe ƙofa da tagogi, a matsa daga jikin taga, a durƙusa a ƙarƙashin benci a kare kai da jaka. Waje ya fi haɗari, domin kwanon da iska ta ɗauko yana yanka kamar wuƙa. Idan malami ya ce a fita, a fita layi-layi ba turereniya. Yarinyar da ta ji ciwo bara, ba iska ce ta ji mata ba, mu ne.

ZAFI, GOBARA DA FARI

Da bazara a riƙa zuwa da gorar ruwa. Idan ɗalibi ya yanke jiki ya faɗi a asambili, a kai shi inuwa, a sassauta masa kaya, a shafa masa ruwa, a yi masa fifita, kada a yi masa rumfa. Wanda yake zazzaɓi mai zafi da ciwon kai kuma wuyansa ya sanƙare, asibiti za a kai shi a ranar. Akwai allurar rigakafin sanƙarau, idan masu yi sun zo kada a gudu.

Da hunturu komai a bushe yake, ga iska. Kaskon wuta a ɗaki, kyandir kusa da gidan sauro da ƙona shara kusa da dangar kara su ne masu jawo gobara. Idan wuta ta kama tufafinka kada ka yi gudu, gudu hura ta yake yi. Ka tsaya, ka kwanta, ka yi ta birgima. Idan ɗaki ya cika da hayaƙi a fita da rarrafe, don iska mai kyau tana ƙasa.

Fari kuwa, ku tambayi kakanninku labarin 1973 da 1984, za ku sha mamaki. Wata kaka ta ba mu labarin yadda shanu suka riƙa faɗuwa, mutane suka baro garuruwansu neman abinci. Ɓaɓura tana kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, ƙasarta rairayi ce, kuma duk bishiyar da aka sare iska tana ƙara samun hanyar kwashe ƙasar noma. Saboda irin wannan ne ƙasashen Afirka suka amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa a 2007, kuma Jigawa tana cikin jihohi 11 na Najeriya da ake dashen. Bishiya tana tare iska, tana riƙe ƙasa. Laifinta ɗaya, ba a fakewa a gindinta lokacin tsawa.

SU WA KE YIN GARGAƊI?

Akwai hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet. A farkon kowace shekara tana faɗin lokacin da ake sa ran damina za ta sauka da lokacin da za ta ɗauke. Akwai NIHSA, mai lura da koguna, wadda take fitar da sunayen wuraren da ake fargabar ambaliya. Akwai NEMA, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa da aka kafa a 1999, sai SEMA ta jiha mai ofis a Dutse. Lambar gaggawa ita ce 112, kuma kyauta ce. Ku rubuta ta a bangon littafinku. Amma kada a kira don wasa, kuma tunda sabis yakan ɗauke, a sanar da mai unguwa ko dagaci su ma.

Matsalar ita ce gargaɗin yakan tsaya a rediyo da waya. A gidaje da yawa, musamman a ƙauye, ɗan makaranta shi ne mai karanta saƙon da ya shigo wayar baba ko inna. Ashe mu ne gadar da saƙon zai bi ya isa gida.

YARINYAR DA TA SAURARI DARASI

Wani zai ce, mu yara wa zai ji maganarmu? To ga labarin Tilly Smith, 'yar ƙasar Ingila. A ranar 26 ga Disamba 2004 tana da shekara 10, suna hutu da iyayenta a bakin teku a ƙasar Tailan. Sai ta ga ruwan yana kumfa yana wani irin motsi. Sati biyu kafin nan malaminsu na labarin ƙasa ya koya musu alamomin sunami, wato igiyar ruwa mai tsawo da girgizar ƙasa a ƙarƙashin teku take tayarwa. Ta gaya wa iyayenta, da farko ba su ɗauki maganar da muhimmanci ba, ta nace. Aka gaya wa ma'aikatan otal, aka kwashe mutane wajen 100 daga bakin ruwan kafin igiyar ta iso. A ranar sunami ta kashe fiye da mutum 200,000 a ƙasashe daban-daban. Tilly ba ta kai mu shekaru ba. Darasin aji ta riƙe, kuma ba ta ji kunyar magana ba.

"AI ƘADDARA CE"

Da muke zagayawa, wani ɗan aji uku ya ce mana duk wannan ɓata lokaci ne, abin da Allah Ya rubuta sai ya faru. Muka kai maganar wurin malamin addini. Ya ce ƙaddara gaskiya ce, amma ya tuna mana da Annabi Yusuf, Alaihis Salam, wanda ya ba da shawarar a tara hatsi shekara bakwai saboda farin da ke tafe, da Annabi Nuhu, Alaihis Salam, wanda ya sassaƙa jirgi tun ruwa bai sauko ba. Ya ce yin shiri ba ya kore tawakkali. Hausawa ma sun ce rigakafi ya fi magani, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

ABIN DA ZA MU YI

A gida:
1. Yau da daddare ka tambayi iyayenka cikin ladabi: idan ruwa ko wuta ta tashi, ina za mu haɗu? Wa zai ɗauki auta? Wa zai kama hannun kaka? Wa zai kwance dabbobi?
2. A haɗa jakar ko-ta-kwana: takardun haihuwa, sakamakon jarrabawa da katin asibiti a cikin leda mai kauri, tocila, maganin wanda yake shan magani kullum, da lambobin 'yan uwa a rubuce a takarda. A rataye ta kusa da ƙofa.
3. A yashe kwatar ƙofar gida kafin ruwan farko, a daina zuba shara a ciki.

A makaranta, muna roƙon shugabanmu da malamanmu cikin girmamawa:
1. A ware wurin taruwa guda ɗaya wanda ba gindin bishiya ko ƙarƙashin wayar wuta ba, kowa ya san shi.
2. A sa wani bugun ƙararrawa na musamman wanda da an ji shi an san gaggawa ce.
3. A riƙa gwajin fita daga aji sau ɗaya a zango, monita ya kira suna a wurin taruwa. Ranar 13 ga Oktoba ita ce ranar rage haɗarin bala'o'i ta duniya, za ta dace da gwajin zangon farko.
4. A duba kwanon azuzuwa da ƙusoshinsa kafin watan Mayu.
5. Kowane aji ya dasa bishiya nesa kaɗan da gini, ya riƙa ba ta ruwa har ta kama.

Mu 'yan kulob mun yi alkawarin liƙa hasashen damina a wannan bangon da zarar ya fito, da Hausa, don kowa ya kai gida.

GASAR WANNAN MAKO

1. Ka ga walƙiya, ka ƙirga daƙiƙa 15 sannan ka ji tsawa. Kilomita nawa ne tsakaninku?
2. Rufin ɗakinku murabba'in mita 20 ne, an yi ruwa milimita 40. Jarka nawa mai lita 25 zai cika?
3. Faɗi alamomi uku da ke nuna katangar ƙasa tana shirin faɗuwa.

A rubuta amsa da suna da aji a jefa a akwatin kulob kafin ranar Alhamis. Za a karanta sunayen waɗanda suka ci a asambilin Litinin. 'Yan uwanmu da suka fito daga Roni, Gwiwa da Ɓaɓura, ku rubuto mana abin da ya fi damun garuruwanku da damina, za mu liƙa a fitowa ta gaba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu da iyayenmu da malamanmu. Amin.

Daga wakilan aji biyu, Kulob ɗin 'Yan Jarida.